Farin Wata da Duhun Wata a Tarihin Su a Ƙasar Jahun

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama da masunta a bakin gulbi ya san ba safai kwanan wata yake ɓace musu ba. Ma'aikacin ofis yakan manta ko yau nawa ga Rajab, manomi ma idan damina ta yi nisa ya fi kula da hadari fiye da wata, amma masunci, musamman mai fita da dare, zai gaya maka kwanan wata, ya kuma ƙara maka da lokacin da zai fito da lokacin da zai faɗi. A wannan takarda muna son mu duba dalilin haka a fadamun ƙasar Jahun, mu kuma bi sauye-sauyen da suka sami wannan lissafi daga wajen shekarar 1950 zuwa yau.

Abin da muke son mu nuna shi ne, kafin zuwan zaren nailan da tocilan da manyan madatsun ruwa, hasken wata yakan hana wani kaso na su aiki na wasu darare a kowane wata, watau kifi yakan sami hutu wanda babu sarkin da ya yi shelarsa. A ganinmu gushewar wannan hutu tana cikin abubuwan da ya kamata a lissafa idan ana zancen raguwar kifi a wannan yanki, ko da yake an saba a ɗora wa madatsar Tiga laifin gaba ɗaya.

2.0 Ƙasar da ruwanta

Jahun tana arewa maso gabas da Dutse, a tsakiyar Jihar Jigawa. Tun zamanin sarakunan Fulani ƙasar tana ƙarƙashin Kano, haka kuma ta zauna bayan Turawa sun ci Kano a 1903, har zuwa 1991 lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Yanzu tana cikin Masarautar Dutse, ita da Miga wadda aka cire daga jikinta aka yi mata ƙaramar hukuma a 1996. Idan muka ce ƙasar Jahun a wannan takarda muna nufin har da Miga, domin ruwa bai san da wannan rabo ba.

Ruwan da ake magana a kai shi ne Kogin Haɗeja. Kogin Kano da Kogin Challawa ne suke haɗuwa kafin Wudil su haife shi. Daga Wudil ya yi gabas ta Ringim, kuma a wannan tsakani ne yake barin ƙasar duwatsu ya shiga ƙasar yashi mai shimfiɗa, inda jigayi suke jere da kwaruruka a tsakaninsu. Saboda ƙasar ba ta da gangare sosai, ruwan yakan rage gudu, ya rarrabu, ya bazu. Ɗaya daga cikin rassansa shi ne Kogin Kafin Hausa. Can gaba ya haɗu da ruwan Jama'are ya zama Kogin Yobe, ya nufi Tafkin Chadi.

Kafin 1974 wannan kogi na damina ne. Yakan kawo ruwa ya cika fadamu a watan Agusta da Satumba, sa'an nan ya janye, ya bar tafkuna da gurabe masu zurfi, ya bar cikinsa rairayi har wata daminar. Rayuwar kifin ma haka take tafiya. Da ruwa ya hau, tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da kawara da bargi sukan bi shi cikin ciyawa su yi ƙwai, 'ya'yan su girma a ruwa marar zurfi mai yawan abinci. Da ruwa ya fara ja, sai su nemi komawa gulbi, waɗanda ba su samu hanya ba su maƙale a tafkuna. Gaiwa kuwa takan shige laka ta yi kwanan rani. Saboda haka babban lokacin su yana farawa ne daga kaka, ya ratsa hunturu, ya ƙare da bazara sa'ad da tafkuna suka ƙafe. Yawancin masu yin sa a wannan ƙasa manoma ne da suke juyawa ga ruwa bayan an kai amfanin gona gida, ban da gidajen da suka gāji sana'ar kaka da kakanni.

3.0 Lissafin wata a wurin masunci

Ya kamata mu fara kawar da wani ruɗani. A bakin teku, kamar Ikko ko Kalaba, wata yana jan ruwa ya tashi ya koma sau biyu a yini, kuma masuntan can da wannan suke aiki. A Jahun babu wannan. Tafki ko gulbi ƙanƙane ne ƙwarai a ce wata ya ɗaga ruwansa yadda kifi zai ji. Abin da wata yake kawowa fadama haske ne, kuma duk bayanin da za mu yi a kan haske zai tsaya.

Daga tsayuwar wata zuwa wata tsayuwar kwana 29 ne da rabi, shi ya sa wani watan yake yin 29 wani 30. Kowace rana kuma fitowarsa takan yi jinkirin kimanin minti 50 a kan ta jiya. Wannan jinkiri shi ne ya tsara wa masunci darensa. A kwanakin farko jinjirin wata yana faɗuwa tun kafin a gama hirar bayan lisha, dare duka ya zama na duhu. Wajen bakwai ga wata sai tsakar dare yake faɗuwa, don haka mai neman duhu zai kwanta ya yi barci, ya tashi cikin dare ya yi aiki zuwa asuba. Daga nan duhun asuba yana ta raguwa har daren 13 da 14 da 15, kwanakin da malamai suke kwaɗaitar da a azumta, lokacin da wata yake fitowa da magariba ya kwana a sama. Bayan haka sai al'amarin ya juya. Duhu ya dawo ta goshin dare: a daren 17 ana samun wajen sa'a biyu bayan faɗuwar rana kafin wata ya leƙo, a daren 22 ba zai fito ba sai tsakar dare. Masuncin da yake fita da asuba a farkon wata, shi ne mai fita da magariba a ƙarshensa.

Akwai wani abu kuma da masu ilmin taurari suka auna wanda ya dace da abin da masunta suka sani da ido. Rabin wata ba rabin hasken cikakken wata yake bayarwa ba. Bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Ke nan dararen da haske yake da ƙarfin ratsa ruwa ba su da yawa, 'yan kwanaki ne kafin 14 da 'yan kwanaki bayanta. Idan aka haɗa su ba za su wuce mako guda ba sosai.

To amma wannan lissafi ba ya aiki shi kaɗai. Shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kwana 11, saboda haka watannin Musulunci suna zagaya damina da rani, su dawo inda suka taso bayan kimanin shekara 33. Sunan wata ba ya gaya wa masunci ko ruwa ya hau ko ya ja. Don sanin wannan sai ya koma ga lissafin da manoma suke bi, na taurari 28 da malamai suke ƙirgawa, kowanne kwana 13 in ban da guda mai 14. Lissafin taurari ne yake faɗa masa inda kifi yake, kwanan wata kuma ya faɗa masa daren da zai iya kama shi. Da damina, ga gizagizai ga ruwa ya yi jawur da laka, farin wata ba ya hana komai. Sai ruwa ya ja ya kwanta, daga Oktoba zuwa wajen Janairu, sa'an nan hukuncinsa yake tsananta. Ko a nan ma ƙurar hunturu takan dushe shi, shanu kuma sukan dama ƙananan tafkuna, ta yadda wani daren 14 ɗin ya fi wani haske a cikin ruwa.

4.0 Kifi na ganinka

Hausawa suna cewa kifi na ganinka mai jar koma. Ana yin wannan karin magana ga wanda yake zaton ya ɓoye nufinsa alhali an gane shi, amma asalinsa bayani ne na sana'a. Kafin nailan, da zaren auduga ko na rama ake saƙa koma da taru da kalli. Zare ne mai kauri, yana shan ruwa, yana ruɓewa, shi ya sa akan rina shi da jiƙon ɓawon itace ko bagaruwa don ya yi ƙarko, rinin kuma ya mai da shi ja. Irin wannan zare a cikin ruwa mai garau, ƙarƙashin cikakken wata, ba ya ɓoyuwa.

Ba dukkan kayan su ne wannan ya shafa ba, kuma a nan ne ya kamata a yi hattara da maganar da ake yi a dunƙule cewa kifi ba ya kamuwa da farin wata. Kalli shi ne ya fi shan wahala, domin aikinsa ya dogara ga kifi ya taho da gudu ya cusa kansa cikin ido bai sani ba. Idan ya hango, sai ya bi gefe. Mai birgi ma haka: inuwarsa da ta kwale-kwalensa ko gorarsa tana riga shi isa, kafin ya watsa kifin ya watse. Na uku shi ne mai wuta da mashi. Karfasa kifin rana ce, da ido take kiwo, da dare kuma takan lafe a gefen ruwa cikin ciyawa. Idan aka haska ta da jiniya ko fitila cikin duhu sai ta daskare, a soke ta ko a kife ta da koma. Da farin wata idonta ya riga ya saba da haske, wutar kara ba ta ɗauke mata gani.

Amma mamari, watau doguwar igiya mai jerin ƙugiyoyi da ake shimfiɗawa kusa da ƙasan ruwa, da su undurutu da sankiya da ake girkewa a mashigar ruwa, waɗannan ba su damu da wata ƙwarai ba, saboda kifayen da suka fi kamawa ba da ido suke tafiya ba. Tarwaɗa da ƙurungu da ragon ruwa da gashin baki suke lalube, suna ɗanɗana abin da suka taɓa. Yauni da miligi kuwa sun fi ban mamaki. A 1951 wani masani a Jami'ar Kambirij, Hans Lissmann, ya nuna cewa yauni yana fitar da wata 'yar wutar lantarki marar ƙarfi daga jikinsa, bincikensa na baya kuma ya tabbatar da ita yake gane abin da ke kewaye da shi a cikin duhu ko laka. Wannan daban take da ta minjirya wadda take girgiza mutum. Duk da haka kifayen dare irin su tarwaɗa sun fi sakin jiki su shiga ruwa marar zurfi idan duhu ya yi, don haka ko mai mamari ya fi son ƙarshen wata, sai dai farin wata ba ya mai da shi gida hannu wofi kamar yadda yake yi wa mai kalli.

Abin da ke faruwa a wasu ruwaye ya ƙarfafa wannan bayani. A Tafkin Tanganyika da Tafkin Kariba ana kama wasu ƙananan kifaye da dare ta hanyar kunna fitilu a kan ruwa. Fitila ta tara ƙananan ƙwarin ruwa, kifi ya biyo su, a ɗaga taru. Idan wata ya cika, hasken ya bazu ko'ina, fitila ba ta tara komai, sai jiragen su zauna a gaɓa. A Amurka ma masu fatsar wani kifi mai faɗi kamar karfasa, wanda suke kira crappie, da fitila suke tara shi da dare, kuma da yawansu sun fi son duhun wata saboda wannan dalili. Su dai Amurkawa sun ƙara da wani lissafi da John Alden Knight ya fito da shi a 1926, mai cewa kifi yana da sa'o'in cin abinci da suke bin matsayin wata a sama ko da rana ne. Mu ba mu ga bukatar wannan a fadamar Jahun ba, tunda haske kaɗai ya isa ya bayyana abin da ake gani. Binciken da ya fi jan hankalinmu shi ne na Maciej Gliwicz, ɗan ƙasar Folan, a tafkin Kahora Basa na Mozambik, wanda aka buga a 1986. Ya gano cewa a dararen da suke bin cikar wata, ƙwarin ruwa sukan taso sama da magariba saboda duhu, sai wata ya fito musu ba zato, kifi ya gan su ya yi ta ci. Wato wannan ɗan duhu na bayan magariba a daren 16 da 17, wanda masunci yake hanzarin ya riska, su ma halittun ruwa suna lissafi da shi.

5.0 Hutun da babu mai shelarsa

Ruwa a ƙasar Hausa yana da masu shi. Sarkin Ruwa, ƙarƙashin dagaci ko hakimi, shi yake rufe babban tafki bayan ruwa ya ja, ya hana a taɓa shi har kifi ya yi ƙwari, sa'an nan a sa rana a yi gayya a faɗa masa da koma da gora. Bikin su na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, da na Gogaram a ƙasar Bade, manyan misalai ne na abin da ƙauyuka da yawa suke yi a tafkunansu ba tare da 'yan kallo ba. Wannan rufewa ta shekara ce, kuma masana sun yi rubutu a kanta.

Wadda ba a cika kula da ita ba ita ce ta wata-wata. A ruwan da ba a rufe ba, inda kowa yake da damar ya sa kallinsa, farin wata yakan kori masu kalli da birgi da wuta na kimanin mako guda cikin kowane huɗu. Ba don tausayin kifi suke zama ba. Fitar ce ba ta biyan wahala. Zaren auduga kuma dole a shanya shi, a ɗinke inda ya yage, a sake rina shi, kuma babu lokacin da ya fi dacewa da wannan kamar kwanakin da ba a kamu. Su ne kuma dararen dandali, na gaɗa da dambe da tatsuniya, da tafiyar dare zuwa kasuwa da kifin da aka banda. Idan muka ɗauki watanni huɗu na ruwa mai garau, mako guda a kowanne, za mu ga kifin da ya taru a gurabe, wanda shi ne irin baɗi, yana samun kusan wata guda cur ba tare da kalli ya tare masa hanya ba, a daidai lokacin da ya fi sauƙin a ƙarar da shi.

6.0 Nailan, Tiga da tocilan

Abu na farko da ya taɓa wannan tsari shi ne zare. An ƙirƙiro nailan a Amurka a 1935, ya shiga sana'ar su ta duniya a shekarun 1950, kuma a farkon shekarun 1960 kallin nailan ya bazu a Tafkin Chadi da kogunan da suke zuba cikinsa. Siriri ne, ba ya ruɓewa, ba ya bukatar rini ko doguwar shanya, kuma saye ake yi a kasuwa, ba sai mutum ya gāji saƙa ba. Daga baya aka kawo mai silli ɗaya, wanda yake kamar gilashi a cikin ruwa. Da wannan karin maganar jar koma ta rage gaskiya. Farin wata bai daina rage kamu ba, amma ya daina hana fita, kuma tsakanin waɗannan biyu akwai tazara mai yawa ga kifin da ke cikin gurbi.

Na biyu shi ne ruwan kansa. An gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ana cikin raɗaɗin farin 1973. Aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, aka gama madatsar Challawa a 1992. Su biyun suna riƙe da kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da yake shiga Kogin Haɗeja. Ambaliyar da kifi yake bi ya yi ƙwai ta ragu, farin 1983 da 1984 ya ƙara tsananta abin, kogin da yake ƙafewa da rani kuma ya koma mai gudu duk shekara saboda ruwan da ake saki. Wannan ruwa na rani ne ya ba kacala damar kafuwa, ta toshe hanyoyin ruwa, ta yadda wani wuri ya bushe, wani kuma ambaliya ta ci gari, kamar yadda aka gani a 2001 da 2022. Littafin da Hollis da Adams da Aminu-Kano suka shirya a 1993 a kan dausayin Haɗeja da Nguru ya yi bayanin wannan sosai, ba sai mun maimaita ba. Abin da za mu ƙara shi ne, da gurabe suka daina rabuwa da gulbi a kan lokaci, ikon Sarkin Ruwa na rufe tafki ya yi rauni, domin da wuya a rufe ruwan da yake gudu. Rufewar shekara da ta wata-wata kusan tare suka raunana.

Bayan farin shekarun 1980 kuma aka ga yaɗuwar dumba, watau jera tarkunan da ake kira mali a datse hanyar ruwa daga gaɓa zuwa gaɓa. Dumba ba ta barci, ba ta san 14 ga wata ba. Wasu ma suka shiga zuba guba irin su Gamalin 20, abin da Dokar Su ta Ruwayen Cikin Ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta haramta tare da nakiya da lantarki. Daga ƙarshe ga fitila. Daga jiniya aka koma fitilar ƙwai, daga nan tocilan mai batir, sa'an nan bayan shekarar 2000 aka sami 'yar fitilar goshi mai caji, mai arha, wadda haskenta a kusa ya ninka na cikakken wata sau da yawa. Yaro ɗan shekara goma sha biyu yana iya ɗaura ta ya bi gefen ruwa a daren da kakansa zai zauna gida yana ɗinkin koma.

Ba muna cewa waɗannan sun kai madatsun ruwa ɓarna ba. Kifin fadama ɗan ambaliya ne, idan ruwa bai hau ba babu dabarar da za ta haifar da shi. Amma shirye-shiryen gyara da ake kawowa kusan duk a kan sakin ruwa da yankan kacala da girman idon taru suke tsayawa, ba mu ga ana maganar lokaci ba. A Tafkin Kariba hukumomi sun ɗauki hutun cikar wata, wanda da can rashin kamu ne yake tilasta shi, suka mai da shi doka ta 'yan kwanaki a kowane wata. Irin wannan doka tana da sauƙin karɓuwa, domin tana hana mutum fita ne a dararen da ribarsa ta fi ƙanƙanta, ba ta bukatar kalanda ko sanarwa a rediyo, mai gadi kuma yana iya hango wanda ya karya ta daga nesa. A ƙasar Jahun za a iya gwada ta a gurabe kaɗan daga Nuwamba zuwa Janairu, a hannun Sarakunan Ruwa da dagatai. Kafin nan, malaman gona da ɗalibanmu da suke zuwa mashigai da kasuwanni irin su Gujungu da Haɗeja suna rubuta nauyin kifi da irinsa, ya kamata a ƙara musu gurbi biyu a takardar da suke cikewa: ɗaya na kwanan watan Musulunci, ɗaya na irin kayan da aka yi kamun da shi.